Jarida Ta Koma Cikin Waya: Don Wa Aka Tsara Ta?

Sanin kowa ne cewa a halin da ake ciki yanzu mafi yawan matasan birnin Kano ba sa jiran mai sayar da jarida kafin su san abin da duniya take ciki. Daga Gyadi-Gyadi zuwa Unguwa Uku, daga Daurawa zuwa Darmanawa, duk majalisar da mutum ya leƙa bayan la'asar zai tarar da kawuna a sunkuye, kowa da wayarsa a hannu. Jarida ta tashi daga takarda ta koma cikin waya, kuma babu alamar za ta dawo yadda take a da. Wannan a karan kansa ba abin baƙin ciki ba ne, domin labarin da a can baya sai ya kwana a mota kafin ya iso daga Kaduna ko Legas, yanzu kafin ƙiftawa da bismilla ya iso. Abin damuwar shi ne yadda ake tsara da yawa daga cikin jaridun wannan yanki a intanet, ta yadda sai mai karatu ya sha baƙar wahala kafin ya kai ga labari, wani lokaci ma ya haƙura bai kai ba.

Wani zai iya cewa ai wannan ƙaramar magana ce, maganar ado da kwalliya, ga manyan matsaloli sun dabaibaye al'umma. To ba haka abin yake ba. Tsarin jarida shi ne hanyar da labari yake bi ya isa ga mai shi. Idan hanya ta toshe, komai gaskiyar labari da amfaninsa ya zama kamar ruwan da ke cikin rijiya babu guga. Kuma duk inda labarin gaskiya ya kasa isa, jita-jita ce take riga shi zuwa, don sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Saboda haka tsarin jarida haƙƙin mai karatu ne, amana ce a wuyan masu jarida, daidai da amanar faɗar gaskiya a cikin labarin kansa.

Magabata a wannan sana'a sun fahimci haka sarai. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta. Sunanta kaɗai ya gaya wa talaka farashinta, wato kwabo ɗaya. An rubuta ta da Hausar da idan mutum ɗaya ya karanta a bayyane a ƙofar gida ko a bakin kasuwa, mutum goma za su fahimta, domin masu ita sun san cewa waɗanda suka iya karatun boko a lokacin 'yan ƙalilan ne. An ba wasiƙun masu karatu fili, har mutumin ƙauye ya san yana da murya a cikinta. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta fito da jaridun larduna, kowane lardi da tasa: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya. Manufa ita ce sabon mai karatu ya ga sunan garinsu da labarin da ya shafe shi, don ya ji sha'awar ci gaba da karatu.

A nan Kano kuma, gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa kamfanin Triumph a 1980, a Gidan Sa'adu Zungur. Kamfani ɗaya ne, amma ya buga Triumph da Turanci, ya buga Albishir da Hausar boko, ya kuma buga Alfijir da ajami. Me ya sa aka ɗauki wannan wahala? Saboda an san cewa masu karatu a Kano iri-iri ne. Akwai ma'aikacin ofis, akwai wanda ya tsaya a firamare, akwai kuma alaramma da ɗan kasuwar da karatunsu na allo ne. Kowanne aka je masa ta ƙofar da zai iya shiga. Wannan shi ne ma'anar tsari: a fara tambayar wane ne zai karanta, sannan a san yadda za a shirya masa. An rufe kamfanin Triumph a 2012, sai bayan wasu shekaru aka sake farfaɗo da shi. Ita ma Gaskiya Ta Fi Kwabo ta ɓace daga teburin masu sayar da jarida. Amma darasin da suka bari yana nan, kuma kyan ɗa ya gaji ubansa.

To wane ne mai karatu na yau? Wayar salula ta shigo Nijeriya a watan Agustan 2001, kuma cikin shekarun da suka biyo baya ta game gari. Duk wanda yake son ya san irin wayar da talakan Kano yake riƙewa, ba sai ya yi nisa ba, ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre da ke nan Ƙaramar Hukumar Tarauni ya ga abin da aka fi ɗauka. Tecno ce da Itel da Infinix, wasu sababbi, da yawa na hannu, wasu allonsu a tsage an manne. Mai wayar yana iya zama ɗan adaidaita sahu da ke jiran fasinja a Dangi, ko ɗalibin da ya gama sakandare yana jiran sakamako, ko yaron shago a Court Road, ko mai jinya da ya kwana a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Datarsa ta kwana ɗaya ce ko ta mako, cajinsa na wurin mai caji ne da ya biya kuɗi, sabis ɗinsa yana zuwa yana ɗaukewa. A watan Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Wannan shi ne mai karatu. Abin tambaya a nan shi ne, shin shi aka sa a gaba lokacin da ake tsara shafin jarida, ko kuwa an tsara ne a kan babbar kwamfutar ofis mai intanet na wata-wata, aka duba aka ga ya yi kyau, aka sake shi?

Matsala ta farko ita ce nauyi. Bari a yi lissafin a fili. Labari mai kalma 1,000, idan rubutu ne zalla, nauyinsa kamar kilobayit 6 ne. Amma wata cibiya mai suna HTTP Archive, wadda take auna shafukan intanet na duniya, ta nuna a rahotonta na 2022 cewa matsakaicin shafi idan aka buɗe shi a waya ya kai megabayit 2, wato kilobayit 2,000. Ke nan abin da mutum ya zo nema ko kashi ɗaya cikin ɗari uku na abin da aka ɗora masa bai kai ba. Saura mene ne? Hotuna ne da aka ɗauko daga kyamara aka ɗora ba a rage girmansu ba, da bidiyon da yake kunna kansa ba wanda ya neme shi, da tallace-tallace masu motsi, da wasu ɓoyayyun manhajoji na kamfanonin talla masu bibiyar inda mai karatu ya shiga da inda ya fita. Wanda ya sayi megabayit 100, shafi 50 kawai zai buɗe ta ƙare. Da an rage nauyin shafi zuwa kilobayit 200, abin da ba ya gagara, da shafi 500 zai buɗe da wannan kuɗin. Bambancin nan daga aljihun talaka yake fita. Mai awon da ya cika mudu da tsakuwa ya ɗora hatsi kaɗan a sama, kowa ya san sunansa a kasuwa. To me za a kira wanda ya cinye wa mutum data da tarkacen da bai nema ba?

Kuma masu jaridar su ma asara suke yi ba su sani ba. Wani bincike da kamfanin Google ya fitar a 2016 ya nuna cewa kashi 53 cikin 100 na masu shiga shafi ta waya ficewa suke yi idan ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Idan haka abin yake a inda sabis yake da ƙarfi, ina ga ɗan Gyadi-Gyadi da yake cikin lungu, a ɗakin da sai ya ɗaga waya sama kafin ta kama? Wakili ya sha rana ya nemo labari, edita ya gyara, amma rabin waɗanda suka zo sun juya tun daga bakin ƙofa.

Matsala ta biyu ita ce talla, yawanta da irinta. A jaridar takarda talla tana da gurbinta, an kewaye ta da layi, mai karatu ya ga dama ya duba, ya ga dama ya wuce. A waya kuwa sai ta faɗo a kan labari ta rufe shi, a ɓoye alamar rufe ta a can kusurwa, ƙanƙanuwa, ta yadda yatsa zai kuskure ya danna tallar, a wuce da mutum inda bai yi niyya ba. Wata tallar ma an yi mata kamannin kanun labari don a yaudari ido. Abin da ya fi muni shi ne irin abin da ake tallatawa. Yaro ya shiga neman ranar jarrabawar JAMB, ko magidanci ya shiga neman sanarwar ganin wata, sai ga tallar cacar ƙwallo, ga ta masu ba da rance da kuɗin ruwa, ga hotunan da mutum ba zai so ƙanensa ya gan su a hannunsa ba. Idan aka yi magana sai a ce ai ba jarida ce ta zaɓa ba, kamfanin talla ne yake turowa da kansa. Wannan ba uzuri ba ne. Kamfanonin talla suna ba mai shafi damar toshe rukunin tallar da ba ya so. Mai gidan da ya ba da hayar zaurensa ba zai ce ba ruwansa da abin da ake sayarwa a ciki ba.

Matsala ta uku ita ce labari babu kwanan wata, babu sunan wanda ya rubuta shi. Duk ɗan Islamiyya ya san darajar isnadi, ya san cewa malamai ba sa karɓar magana sai sun san wa ya faɗa, daga wa ya ji, yaushe ya rayu. Labarin da ba a san ranarsa da mai shi ba maraya ne, kowa yana iya ɗaukarsa ya kai shi inda ya ga dama. Mutanen Kano sun ga illar wannan da idonsu. Ranar 1 ga Agustan 2024 gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita ta sa'a 24 bayan zanga-zanga, daga nan aka riƙa sassauta ta mataki-mataki, ana sauya lokacin fita da na komawa gida. A irin wannan yanayi, sanarwar shekaranjiya idan ta iso wa matashi yau babu rana a jikinta, tana iya fito da shi kan titin Zariya a lokacin da bai kamata ba. Haka aka yi fama a lokacin canjin kuɗi: an ce wa'adin tsofaffin takardun naira 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sannan Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓarsu. Kowane mataki da labarinsa, kuma duk suna yawo tare a WhatsApp. Yawanci hoton allo ake ɗauka a tura, ba labarin gaba ɗaya ba. Saboda haka idan rana da sa'a ba sa manne da kanun labari, a sama, da baƙaƙe masu girma, to hoton zai tafi babu su. Rubuta "sa'o'i biyu da suka wuce" kawai ba ya wadatarwa, domin hoton da aka ɗauka bara ma haka zai ci gaba da faɗa.

Matsala ta huɗu ita ce rubutun Hausar kansa. Tun a ƙarshen shekarun 1930, lokacin da sai an ƙera kowane harafi da ƙarfe kafin a buga shi, aka ɗauki wahalar samar da baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Yau waɗannan baƙaƙe suna cikin tsarin Unicode da kwamfutocin duniya suke aiki da shi tun farkon shekarun 1990, kuma allon rubutu na Gboard da ke cikin wayoyi yana da Hausa, kyauta. Amma duk da haka sai a ga jarida ta yi watsi da su, ko kuma ta zaɓi salon harafin da ba ya ɗauke da su, sai ɗan akwati ya fito a tsakiyar kalma. Alhali baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban, kura daban ƙura daban. Wanda ya ga kanun labari an ce "An yi fada a Tarauni," sai ya tsaya ya yi tunani, gidan sarauta aka gina ko kuwa rikici aka yi? Bayan wannan kuma, idan wakili ɗaya ya rubuta ƙasa, wani ya rubuta kasa, na uku ya rubuta k'asa, to mai neman tsohon labari zai rubuta ɗaya ya rasa biyu. Sai kuma annobar fassarar inji. Tun da Google ya sa Hausa a cikin manhajarsa ta fassara a ƙarshen 2013, wasu suka samu hanyar sauƙi: a ɗauko labarin Turanci a zuba, a kwafe abin da ya fito a buga ba tare da an karanta ba. Kalmomin na Hausa ne, amma ginin jimlar ba na Bahaushe ba ne, sai mutum ya karanta sau uku bai gane wa ya yi wa wani ba. Inji yana iya taimakawa, amma ba ya zama edita.

Matsala ta biyar ita ce labarin gida ba ya samuwa. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, Tarauni kaɗai tana da mazaɓu 10. Abin da ya raba jaridar yanki da BBC Hausa, wadda take watsa shirye-shirye tun 1957, ko Muryar Jamus, shi ne ita 'yar gida ce, kuma da ɗan gari akan ci gari. Amma sai a buɗe jaridar da ta ce ta Kano ce a tarar da sama duk siyasar Abuja ce da ƙwallon Ingila da rigimar 'yan fim, labarin ruwan famfo da wutar lantarki da magudanar ruwa da makarantar unguwa yana can ƙasa, ko babu shi sam. Ranar Babbar Sallah ta 2025 da gobara ta tashi a kasuwar Farm Centre, abin da mai shago da ke gida cikin iyalinsa yake bukata shi ne wane ɓangare ne ya kama, an shawo kanta ko ba a shawo ba, wace hanya ce a buɗe. Irin wannan shi ne aikin jaridar gari, kuma ya kamata mutum ya same shi da dannawa ɗaya ko biyu. Me zai hana a ware wa kowace ƙaramar hukuma gurbinta, mutumin Tarauni ya danna Tarauni ya ga abin da ya shafe shi? NORLA ta yi wa larduna haka da takarda da tawada shekara saba'in da suka wuce.

Haɗe da wannan akwai maganar ajiya. Jaridar yau ita ce tarihin gobe. Mai bincike da yake son ganin abin da aka rubuta a Gaskiya Ta Fi Kwabo a zamanin Sardauna yana iya nufar Gidan Arewa a Kaduna ya nemi tsofaffin kofe. Amma jaridar intanet fa? Duk ranar da aka sauya mata fasali ba tare da kula ba, tsofaffin labarai sai su ɓace. Ranar da aka kasa biyan kuɗin hayar rumbun da take zaune a kai, aikin shekara goma yana iya tafiya a dare ɗaya. Alkawarin da ɗan siyasa ya yi wa unguwa lokacin yaƙin neman zaɓe, idan babu inda za a koma a ciro shi da ranarsa, to an taimaka masa ya musanta. A Legas wasu matasa sun kafa Archivi.ng, suna ɗaukar hoton tsofaffin jaridun Nijeriya shafi-shafi suna ɗorawa don kowa ya bincika, kuma tun 2023 aka buɗe wa jama'a. Albishir da Alfijir da Sodangi su ma sun cancanci a yi musu irin wannan hidima, kuma babu wanda ya fi cancanta ya yi ta irin 'ya'yan Kano.

Matsala ta shida ita ce mantawa da masu rauni. Akwai dattijon da idonsa ya yi rauni, ga rubutu ƙanana, launin toka a kan fari, ga hasken rana yana dukan allo. Akwai makafi, ciki har da waɗanda suka yi karatu a makarantar Tudun Maliki, waɗanda suke amfani da manhajar TalkBack da ke cikin wayoyin Android tana karanta musu abin da ke kan allo. Wannan manhaja rubutu ta fi iya karantawa. Idan jarida ta ɗauki hoton takardar sanarwa ta manna ba ta rubuta abin da ke ciki ba, to ta rufe wa makaho ƙofa. Tun 1999 ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta fitar da jagora a kan yadda za a sauƙaƙa wa irin waɗannan bayin Allah, kuma a Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman a Nijeriya. Kamfanin da ya buga Alfijir saboda mai karatun ajami ya yi abin da ya fi wannan wuya da tsada.

Adalci ne a faɗi uzurin masu jarida. Kuɗin takarda ya yi tashin gwauron zabi, masu sayen jarida sun ragu, mai karatu a waya ba ya biyan ko sisi ga jaridar, wakili kuma yana da iyali. Talla ce kusan kaɗai hanyar shigar kuɗi, kuma kamfanonin talla da yawan dannawa suke biya. Wannan ne ya haifar da kanun labarai na yaudara, irin waɗanda suke ɓoye abin da ya faru don dole sai an danna. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wanda aka yaudara sau ɗaya, sau biyu, ba ya dawowa na uku, sai ya koma wa saƙon murya na WhatsApp wanda ba shi da edita. Ba a manta da daren wankan gishiri ba a watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, da aka yi ta tashin mutane daga barci ta waya ana cewa su yi wanka da ruwan gishiri su kuma sha, har wasu suka kwanta asibiti, aka kuma rasa rai. A irin wannan dare al'umma take bukatar wuri ɗaya amintacce, mai buɗewa nan take ko a ƙaramar waya. Jarin jarida shi ne amincewar mutane. Talla uku masu tsabta daga 'yan kasuwar Kwari da Sabon Gari da Singa, a gurbinsu, sun fi goma sha biyar masu korar mai karatu.

Saboda haka kira na farko ga editoci da masu jaridun wannan yanki ne. Kafin a saki kowane sabon tsari, a ajiye kwamfutar ofis, a ɗauki ƙaramar Itel ta hannu, a sa mata data ta kwana ɗaya, a je cikin lungunan Gyadi-Gyadi da tsakar rana a buɗe. A miƙa wa tela da ɗan adaidaita sahu da dattijo mai tabarau, a ce kowa ya nemo labarin unguwarsu na makon jiya, a tsaya a kalli inda suke maƙalewa ba tare da an sa musu baki ba. Abin da za a gani a sa'a ɗaya ya fi taron bita na kwana uku. A rage hotuna, a kashe bidiyo mai kunna kansa, a toshe tallar caca da ta batsa, a sa rana da sa'a da sunan wakili a sama, a dawo da baƙaƙe masu ƙugiya, a ajiye kofen duk abin da aka buga a wuri fiye da ɗaya. Idan an yi kuskure a labari aka gyara, a rubuta a ƙasansa cewa an gyara da ranar da aka gyara, kada a goge a ɓoye. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake bukatar miliyoyi. Kula yake bukata da tsoron Allah.

Kira na biyu kuwa ga 'yan uwa matasa ne. Bai kamata matashi ya ɗauka cewa tunda bai biya kuɗin jarida ba, ba shi da bakin magana ba. Ya biya da datarsa, da cajinsa, da lokacinsa, kuma da idonsa ake karɓar kuɗin talla. Yana da haƙƙin ya rubuta wa edita cikin ladabi ya nuna masa inda aka ƙuntata masa, yana kuma da haƙƙin ya ƙaurace wa jaridar da ta ƙi ji. Sannan ya hori kansa: kada ya tura labarin da bai ga ranarsa ba, bai san mai shi ba, bai karanta shi har ƙarshe ba. Waɗanda Allah ya hore wa basira kuma, su sani cewa tsara shafin intanet sana'a ce da ake koya kamar ɗinki da gyaran waya. Matasan da suke kwance waya su haɗa ta a Farm Centre ba za su gagara koyon wannan ba. Akwai Jami'ar Bayero, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, akwai cibiyoyi irin su CITAD da suka daɗe suna koyar da matasa ilmin kwamfuta a Kano. Wanda ya tashi a lungu, ya san zafin ƙarewar data ana tsakiyar karatu, ya iya Hausa da ƙugiyoyinta, shi ne zai tsara wa mutanensa abin da zai dace da su. Muddin aka bar aikin ga wanda bai san mai karatu ba, haka za a ci gaba da ɗinka riga ba a gwada mai ita ba.

Abubakar Imam da abokan aikinsa sun sayar da jarida kwabo ɗaya, suka kuma yi ƙoƙarin ganin wanda ya ba da kwabonsa bai yi asara ba. Kwabon yau shi ne data. Wanda ya karɓa, wajibi ne ya ba da abin da ya fi ta. Allah ya sa a gane, ya kuma ba da ikon gyarawa, amin.